Taku Huɗu Bayan Lambatu

"A'a, ranka ya daɗe, ban ce doka ƙarya ce ba. Cewa na yi ba ta taɓa zuwa bayan gidan nan ba. Sha gahawarka kafin ta huce."

Haka na ce wa mutumin da aka turo daga ofishin lafiya, ranar da ya zauna a ɗakin girkina da jakarsa da taswirarsa. Maganar Femke ce ta kawo shi, nas ɗin motar asibiti da ta yi wa mijina Berend allura. Sati uku ke nan da dakatar da ita daga aiki, ana duba ko za a karɓe mata lasisi. Laifin nata kuwa taku huɗu ne.

Gidanmu a Holan yake. Bayan gidan lambu ne, bayan lambun sai lambatu, wanda ko ni a da nakan tsallake shi in na tattare siket. Ƙetarensa Jamus ce. Katako ɗaya ne a kai tun zamanin surukina. In ya ruɓe mu canza, in ya sake ruɓewa Ewald, maƙwabcinmu na can, ya canza. A gefen gonar Ewald ɗin Berend yake ajiye amyoyinsa, don can furen yake. Shekara arba'in yana kiwon zuma, harbin da ya sha ba ya ƙirguwa, kullum yana taƙamar jininsa ya saba. To, wata Talata da hantsi jinin ya canza shawara.

Ina shanya na hango shi zaune a ƙasa. Berend ba ya zama a ƙasa, saboda wuyar tashi. Na tsallaka na tarar fuskarsa ta taso kamar ƙullin burodi, numfashi na fita da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na koma ciki na buga waya. Suka tambayi adireshi, na ba su na gida. Wanne zan ba su? Amya ba ta da lamba.

Minti tara suka iso, Femke da direbanta Joris. Ita doguwa ce, ba ta kai talatin ba. Na bi da su ta cikin lambu. Joris ɗan yankin nan ne, ya san dutsen iyakar da ke bakin lambatun, yana ganinsa ya ja ya tsaya. Ya ce takardar aikinsu a bakin ruwan nan ta ƙare, maganin da ke cikin jakarsu kuma ba su da izinin ba kowa shi a can. Ya kira ofishinsu, ofishinsu ya kira na Jamus, na Jamus suka ce motarsu ta taso, a ba su minti ashirin da biyar. Sai Joris ya ce to a miƙar da Berend tsaye, a tallafo shi ta kan katakon zuwa wannan gefen, in ya so a yi masa komai bisa ƙa'ida.

Femke ta ce mutum in yana cikin wannan hali aka miƙar da shi, zuciyar na iya tsayawa nan take. Ni kuma na ce katakon ba ya ɗaukar mutum biyu, balle uku, balle a ce Berend ne na tsakiya.

Ta cire rediyon da ke ta surutu a kafaɗarta ta miƙo min.

"Iya, riƙe min wannan."

Ta tsallaka.

Rediyon ya yi ta kiran sunanta. Sai na sa shi a kwandon wanki na rufa masa zanen gado.

Ta cikin wando ta caka masa allurar a cinya. Ta kwantar da shi, ta ɗora ƙafafunsa a kan akwatin kayan zuma, ƙudan zuman na yawo a kanta ko korarsu ba ta yi. Can ta ƙara masa ta biyu. Kafin nan Joris ya tsallako shi ma da tukunyar iska, yana gunaguni tun daga farkon katakon har ƙarshensa. Da Berend ya samu bakin magana, abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya rufe murfin amyar. A nan na san ba bana zan yi takaba ba.

Motar Jamus ta iso da likitanta, suka tafi da shi asibitinsu. Kwana uku ya yi, ya dawo yana kushe musu burodi.

Da a nan maganar ta mutu. Joris ya ce a rubuta a rahoto cewa a bayan gida aka same shi, wanda kuma ba ƙarya ba ce. Femke ta ƙi. Ta rubuta wurin daidai, har da katakon. Yaran yanzu rubutu ya yi musu yawa.

Shi ne aka turo min mai taswira. Ya ba ni takarda in karanta, na ce ya karanto min, tabarauna na wurin gyara. Shekara sittin ke nan suna wurin gyara. Ya karanta. Ya juya wajen Berend, wanda ke gefe yana cin burodi mai zabibi, Berend ya ce shi fa bai tuna komai ba sai murfin amya. Shaidar da na aura ke nan.

Mutumin ba mugu ba ne, na ga alama. Ya shimfiɗa taswirar ya ce in nuna masa inda Berend ya faɗi. Ya ce tsofaffi in sun tsorata sukan rikita wuri, babu mai ganin laifinsu. Yana faɗa, bakin bironsa na shawagi a gefenmu na layin. Na gane ƙofa yake buɗe min. Amma in na bi ta nan, yarinyar ta zama maƙaryaciya a kan rahotonta, ni na zama tsohuwar da kanta ya kwance. Na ce masa ban san taswira ba, ƙasa na sani, ya taso.

Na kai shi bakin lambatun da takalmansa masu ƙyalli. Na nuna masa inda ciyawar ta kwanta, can ƙetare. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ni da kaina na ɗaure Femke. Ya ce da Berend ya mutu a hannunta a can, wace kotu ce za ta saurare ta, wa zai tsaya mata? Ya ce dokar ita ma don kare ta aka yi. In kowace nas za ta zaɓi inda aikinta ya ƙare, gobe sai a rasa wanda za a tambaya in an yi ɓarna. Na ce gaskiyarsa. Ya ce iyaka iyaka ce, ko taku huɗu ko mil ɗari.

Sai na tambaye shi ko a birni aka haife shi. Ya ce e. Na ce to ba laifinsa ba ne.

Na gaya masa yadda muke a nan. Kowane gida yana da maƙwabtansa na haƙƙi, ba zaɓarsu ake yi don ana son su ba, gida mafi kusa shi ne na farko. In an haihu su ne, in saniya ta faɗa rami su ne. In an mutu, iyalin mamaci ba sa taɓa komai. Maƙwabcin farko shi ke zuwa ya sanar da dangi, ya sa a buga ƙararrawar coci, shi da sauran su ɗauki akwatin a kafaɗa. Namu na farko Ewald ne, kamar yadda ubansa ya kasance na surukina. Lokacin da uwar Berend ta rasu, 'yan kwastan na kwana a cikin shingen nan suna tsaron masu fasa-ƙwaurin gahawa, ni ma sun san siket ɗina ya cika faɗi. Amma ran nan huluna suka cire, mutanen ƙetare suka wuce ta kan katakon ɗaya bayan ɗaya da baƙaƙen riguna.

Ya ce wannan al'ada ce, shi kuma maganar izini yake yi.

Bayan kwana goma Femke ta koma aiki, da takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Ta zo ta karɓi kwalbar zuma, ta ce wa Berend in ya sake zama a ƙasa ya zauna a Holan. Ban ce ni na sa ba. Abin da na sani, ran nan a bakin katakon mai taswirar ya mayar da bironsa aljihu, ya yi sallama. Ga abin da na ce masa kafin nan:

"Ɗan nan, da yarinyar ta tsaya a bakin dutsen nan, da Asabar mutum shida za su ɗauki Berend. Huɗu daga can za su tsallako, kuma babu wanda zai tambaye su takarda. In gawa ce kaɗai aka yarda a tsallaka mata, rubuta haka, ka karanto min, in dangwala."