Akuyar Baƙo

Akuya ɗaya tal Afiniki ta mallaka, baƙa mai farin goshi, da kashinta take takin 'yar gonar cittarta a Kagoma. Wannan akuyar ce mijinta Kumai ya ce za a yanka ranar Asabar, don ya gayyato ogansa na reluwe daga Kafanchan, wani Ba'indiye mai suna Mista Menon, shi da matarsa.

Afiniki tana son akuyar nan har cikin ranta, amma ba ta yi musu ba. A garinsu, in babban baƙo ya tashi bai ga nama ba, sai a shekara ana yi da kai.

Baƙi suka iso da hantsi. Kumai ya jawo akuya gabansu, wuƙa a hannu, baki har kunne, domin al'ada ce a nuna wa baƙo dabbarsa da rai kafin a kwantar da ita.

"Oga, naka ne wannan," in ji shi.

Mista Menon ya dubi wuƙar, ya dubi akuyar, ya lalubo 'yar Hausarsa. "Ka ba ni, gaskiya?"

"Na ba ka."

"To a bar shi. Ni ba na cin nama, madara kawai. Madam ko madara ba ta sha, ta ce na ɗan saniya ne."

Kumai ya sauke wuƙa. Duk daɗewarsa a ƙarƙashin mutumin nan, bai taɓa leƙa kwanon abincinsa ba.

Afiniki kuwa tuni ta faɗa madafa, kada wani ya sake shawara. Ta dama gwaten acca da yakuwa da gauta da gyaɗa. Hannunta ya kai kan busasshen kifi don sabo, ta tuna, ta mayar. Baƙi suka ci har da ƙari, ita kuma daɗi kamar ya kashe ta.

Da za su tafi, Mista Menon ya damƙa wa Afiniki igiyar akuyar. "Mama, ki riƙe mini."

Riƙon ke nan. Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, bai waiwayi akuya ba. Ita kuwa ta yi ta haihuwa, taki ya wadata, citta ta yi kyau. Duk Kirsimeti sai Kumai ya tsaya bakin garke yana auna mai ƙiba da ido. Afiniki ko kai ba ta ɗagowa daga turmi take ce masa:

"Baban Paulina, ka tambayi mai shi tukuna."