Rufin Ɗakin Rekiya

Bilyaminu kafinta bai gama ɗora ƙafa ta biyu a kan katanga ba aka ji salatin mata daga gida uku a lokaci guda. Wata ta saki tasa, wata ta suri mayafi a guje. Kafin ya gane abin da ya yi, wani dattijo mai ɗingishi ya riƙe tsanin yana girgizawa.

"Sauko, yaro. Sauko tun ina hwaɗi da baki."

Asibi tana gindin dalbejiya tana tsince shinkafar abincin rana. Ta ajiye faifan ta matso. Su goma sha ɗaya suka taso daga majami'arsu a Funtua, da mota cike da kwano da katako, bayan guguwar farkon damina ta yaye rufin gidaje a Kurya Madaro. A Kaura Namoda suke kwana, su shigo da hantsi. Yau rana ta uku, kuma ta ƙarshe. Aikin Asibi a tafiyar girki ne, don shi zumuntar mata ta turo ta.

Baba Sanda, dattijon ikilisiya mai jagorantarsu, ya cire hula yana ba da haƙuri tun bai san laifin ba. A nan suka ji ko mene ne. A garin nan namiji ba ya hawa sama sai an zaga maƙwabta an faɗa, mata sun shige ɗaki, domin wanda ke kan rufi tsakar gida biyar yake gani. Kwana biyun da suka wuce wakilin mai unguwa ne ke yin zagayen, su kuwa sun ɗauka gaisuwa yake yi. Yau ya tafi jana'iza.

Dattijon mai ɗingishi, Malam Tsoho, bai tsaya nan ba. Ya ce ɗakin na Rekiya ne, matar ƙanensa da 'yan bindiga suka kashe a gona wata biyu da suka wuce. Takaba take yi. Shi kansa daga zaure yake gaishe ta. Ya yarda da farko ne don an ce daga waje za a yi aikin, amma yanzu da ya ga yadda suke yi, babu baƙon namijin da zai sake leƙa gidan.

Baba Sanda ya roƙa da Allah, ya roƙa da zumunci. Tsoho ya ce sun gode, Allah ya saka, su ajiye kwanon a zaure, in ƙanen Rekiya ya samu hanya daga Gurbin Bore zai buga. Aka tambaye shi yaushe. Ya ce sai yadda hanya ta yi.

Asibi ta dubi gabas. Hadari ya fara haɗa gira. Safwan direba, ɗan Kaura da suka ɗauka haya, ya riga ya rantse ƙarfe uku zai tayar da mota ko da mutum a kan rufi, don bayan la'asar hanyar ba ta masu gaskiya ba ce. Yanzu sha ɗaya ta gota.

Ta yi sallama ta shiga gidan, tunda ita ba mai hana ta.

Ɗaki ɗaya ne, sama a buɗe, sai katako uku da iska ta rage. Rekiya na zaune a kan tabarma cikin baƙin zani, babu ɗan kunne babu kwalli. A ƙuryar ɗakin buhunan gero huɗu ne lulluɓe da leda, na ƙasan ya fara tsiro. Ta ce noman marigayi na ƙarshe ke nan, shi za su ci ita da yara har kaka. Bango kuma ya jiƙe har ƙugu, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya zaunar da shi.

Asibi ta fito ta miƙa wa Bilyaminu hannu.

"Ba ni guduma."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ta tuna masa ubanta kafinta ne a Kafur, shekara bakwai tana miƙa masa ƙusa, kuma ɗakin kajinta ita ta rufe shi. Bilyaminu ya ce ai kaji ba sa kai ƙara in sun jiƙe. Baba Sanda ya ce mace mai jikoki biyu a kan rufi, me zai gaya wa maigidanta in ta faɗo.

"Ka ce masa aikin Ubangiji nake yi, Baba. Ba shi ka ce mun zo yi ba?"

Kowa ya juya wajen Tsoho. Ya daɗe yana shafa gemu yana neman inda abin ya saɓa, bai samu ba.

"Mace dai ta," in ji shi a ƙarshe. "Ban taɓa jin an hana ba, don ban taɓa jin wadda ta nema ba."

Sai ga shi da kansa yana ɗingishi ƙofa-ƙofa, yana faɗa wa maza cewa mace za ta hau sama, mai wanka ya hanzarta.

Asibi ta sa wandon aiki na aro a ƙarƙashin zani, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta hau ta ciki. Maza na yanka katako a waje suna turowa ta kan katanga, kansu a sunkuye. Bilyaminu ya juya wa gidan baya yana ba da umarni da ƙarfi kamar mai kiran kasuwa, yana tambayar ta auna ko ba ta auna ba. Matan maƙwabta, da suka ji wadda ke sama, suka fito tsakar gidajensu suna kallo. Wata ta tambaye ta ko a garinsu maza sun ƙare ne. Asibi ta ce suna nan, ga su can suna kallon ƙasa.

Katako ya ci awa biyu. Ta bugi babban yatsa sau biyu, na biyun ya fashe, ta naɗe shi da bakin ɗankwali. Da aka zo kwano ta ja fallen farko gefen gabas. Rekiya, wadda ke miƙo mata daga ƙasa, ta ce a'a.

"Baba Asibi, daga yamma za ki faro. Ruwanmu daga gabas shike zuwa, in bakin kwanon na kallon gabas iska na shiga ƙarƙashi. Haka ta ɗauke na farko, na hwaɗa ma marigayi bai ji ba."

Asibi ta maimaita wa Bilyaminu. Ya ce mai takaba ta fi shi gaskiya.

Falle goma sha biyu ɗakin ke ci. Tana kan na bakwai iska ta fara kaɗa kwanon a hannunta. Tana kan na tara Safwan ya danna ham. Baba Sanda ya zo jikin katanga, muryarsa a ƙasa, ya ce ran mutum goma sha biyu ne a wuyansa, ba zai iya ƙara ko minti goma ba. Saura falle uku, kuma daidai kan buhunan.

Asibi ta leƙa ƙasa. Rekiya ta riga ta ɗaure zaninta tamau, ƙafarta ɗaya a kan tsani.

Minti biyar Asibi ta sata. Ta nuna mata yadda ake taka inda katako yake, yadda falle ke hawa kan ɗan'uwansa, da inda ƙusa ke shiga: a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ta riƙe hannunta suka buga ɗaya tare. Ta biyun Rekiya ta lanƙwasa, ta zare da kanta. Asibi ta juye mata sauran ƙusoshin a haɓar zani, ta bar mata gudumar, ta sauka.

A ƙofar gida Tsoho na zaune, ya ba gidan baya. Aka fara bugu a sama. Bai waiwaya ba, bai kuma tambayi wa ke bugawa ba. Ya dai ce su gaida gida, Allah ya tsare hanya.

Mota ta tashi ɗigon farko na sauka a gilashi. Asibi ta sa Safwan ya kashe rediyo, ta fitar da kai ta taga. Daga nan ba a ganin rufin, sai ƙarar guduma, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"A kwari take bugawa, ko?" in ji Bilyaminu.

Asibi ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta saurara har suka sha kwanar makaranta.

"A tudu," ta ce, ta ja gilashi.