Mafarkin da Doreen Ba Ta Yi Ba

Yarinyar cikin fim ɗin ta durƙusa a gona, ta tono citta da hannu, ta karya ta da farcen babban yatsa, ta kai hanci. Nan Kaleb ya gyara zama. Tabaran da ke fuskarta an ɗaure hannunsa na hagu da jan zare. Shi da kansa ya taɓa ɗaure wa 'yarsa Doreen nata haka, ranar da ya karye a motar Fadan Kagoma, kuma har yau da zaren take yawo, ta ƙi canzawa.

Sai idanun yarinyar suka juye suka yi fari, kiɗa ya tashi, wata mata a baya ta kira sunan Yesu. A allo aka nuna gonaki sun yi baƙi har gindin dutse. Yarinyar ta buɗe baki da wata murya da ba tata ba, ta ce kafin wata uku ba za a sami citta ko ta shayi a ƙasar nan ba.

Asabar ce, ƙarfe biyu na rana, a wani ɗakin taro da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. An toshe tagogi da barguna don hoto ya fito, zafi ya cika ɗakin. Malam Gilbert, wanda ya shirya fim ɗin, shi ya gayyaci Kaleb, ya kuma ba shi kujerar gaba. Tun firamare suke tare. Gilbert ya ci gaba har ya zama malamin sakandare da shugaban masu wasan kwaikwayo na coci, Kaleb ya tsaya a aji shida ya koma gona. Ranar da aka yi wa Doreen baftisma, Gilbert ne ya riƙe mata tawul a bakin rafi.

Shekarar da citta ta ruɓe, Doreen ta gama kwalejin aikin gona tana jiran kiran bautar ƙasa. Wata safiya ta ga ganye ya fara rawaya a gangaren gonarsu, inda ruwa ke kwanciya. Ta tono, ta shinshina, ta ce wa babanta cuta ce, ruwa ke ɗaukarta, da fartanya, da takalmin mutum. Ta ce a tone wadda ba ta kamu ba a ware iri, a daina shiga gonar juna da kayan aiki ɗaya. Kaleb ya kai maganar taron zumuntar maza na coci. Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce tun ba a haifi uwar yarinyar ba yake noman citta.

Lahadin da ta biyo baya Kaleb ya sake miƙewa. Bai shirya ba, tsoro ne ya sa masa maganar a baki. Ya ce Doreen ta yi mafarki sau uku, ta ga gonaki sun yi baƙi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mutum goma sha ɗaya suka tone, suka tsira da iri. Sauran suka jira, suka rasa. Doreen kuwa ta riga ta tafi bautar ƙasa Ekiti a makon nan, tana ta murna da aka gaya mata a waya an ji shawararta. Mutum ɗaya Kaleb ya faɗa wa gaskiya, a kan mashin, a hanyar dawowa daga coci. Ya roƙi Gilbert maganar ta tsaya tsakaninsu. Gilbert ya yi dariya har mashin ya yi tangaɗi, ya ce ko matarsa ba za ta ji ba.

Bayan bautar ƙasa Doreen ta ɗan zauna aiki a can, wata ɗaya ke nan da dawowarta, kuma ba ta san zancen mafarki ba. Ƙungiyar manoma ta ɗauke ta malamar gona. Gobe bayan sujada za ta yi taronta na farko, ta koya wa mutane yadda ake wanke iri da magani kafin shuka. Mako biyu ta yi tana zana hotuna a kwali.

Fim ɗin bai tsaya kan citta ba. Yarinyar ta ga motar kasuwa za ta faɗa gada, ta ga ranar mutuwar wani attajiri. Kuma ba kowa take gaya wa ba. Duk wanda ya taɓa raina babanta, sai ta dube shi ta gaishe shi ta wuce. Uban cikin fim ɗin gajere ne, mai yawan share gumi da hula. Kaleb ya duba ya ga hularsa a hannunsa, ya mayar da ita kai.

Da aka gama aka yaye bargunan. Gilbert ya hau gaba da makirufo, wata malama abokiyar aikinsa tana ɗaukar hoto da waya. Ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, za a sa a intanet, don mako mai zuwa Sabon Tasha za a kai fim ɗin.

Wani ɗan acaɓa mai suna Jason ya ce fim ya yi, amma motar da ta faɗa gada ko makaho ya san ta roba ce. Ya ce in da gaske akwai yarinyar, yana son sanin wanda zai ci ƙwallon gobe. Aka fashe da dariya. Matar fasto ta ce ita abin da ya dame ta, ba a nuna yarinyar ta yi addu'a ko sau ɗaya ba, to ta yaya za a san baiwa ce ko wani ruhu ne. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya yi dogon bayani da Turanci kan cewa an gaggauta ƙarshen. Hammawa, Bafillacen da ke sayar musu da takin shanu, ya zo ne don shanunsa aka ara. Ya ce a ganinsa shanun sun fi kowa iya wasa. Ya ƙara da cewa shi ma yakan san ruwa na zuwa in ya ga yadda suke ɗaga hanci, amma idonsa bai taɓa yin fari ba.

Kaleb ya fara samun numfashi. Ya yi zaton za a tashi a kan dariya.

Sai Mama Rosemary ta miƙe. Ita ce matar dattijon nan da ya yi dariya a taron maza. Gonarsu ta ruɓe gaba ɗaya, shi kuma hawan jini ya ɗauke shi kafin Kirsimeti. Ba ta karɓi makirufo ba, muryarta ta isa.

"Mu daina cewa wasa ne," in ji ta. "Mun san yarinyan nan. Kowa a nan ya san zaren. Mijina ne ya yi dariya, ba ni ba. Kowace safiya ta wuce gonata, ta ce Mama ina kwana, ta wuce. In ta ga citta, ta ga mutuwar mijina ma."

Mutane suka fara juyowa suna kallon kujerar gaba. Kaleb ya ji ƙafafunsa sun miƙar da shi. Gilbert ya miƙo masa makirufo da murmushi, malamar ta matso da waya.

"'Yata ce," in ji Kaleb. "Ita ta fara gani, kuma duk abin da ta faɗa ya faru. Amma ba mafarki ta yi ba. Karatu ta yi, hanci ta sa, kamar yadda kowa a nan zai iya. Mafarkin ni na ƙirƙira shi, don na ga kun yi dariya. Mama, ba ta ɓoye miki komai ba. In akwai laifi nawa ne."

Surutu ya tashi a hankali. Wani daga baya ya tambaya yaushe ne ƙaryar, wancan karon ko yanzu. Wata ta ce kowane uba haka zai faɗa. Matar fasto ta ce ba kyau a ɓoye baiwa saboda tsoron mutane. Mama Rosemary ta ɗauki jakarta ta fita ba ta dube shi ba. Gilbert ya karɓi makirufo ya ce a tafa wa baban jarumarmu, aka tafa.

A waje, kusa da janareto, Kaleb ya tare Gilbert.

"Ka yi mini alkawari a kan mashin."

"Na kuma riƙe shi," in ji Gilbert. "Na gaya wa wani cewa ƙarya ka yi? Kai ka faɗa da bakinka yanzu. Labarin naka ne, Kaleb. Ni kyamara kawai na kawo."

Ya ce ya canza sunan yarinyar, ya canza na garin, me kuma ake so ya yi. Kaleb ya tambaye shi zaren fa. Gilbert ya kalli gefe, ya ce irin waɗannan ƙananan abubuwan ne ke sa mai kallo ya yarda. Kaleb bai iya faɗa ba, tun suna yara bai iya faɗa da Gilbert ba. Sai ya roƙe shi abu ɗaya, ya sa maganarsa duka a intanet, yau, kafin taron gobe.

"Haba, kamar ba ni ba," in ji Gilbert, ya dafa kafaɗarsa. "Doreen 'yata ce. Zan sa."

A tasha motar Fadan Kagoma ta fi awa ɗaya kafin ta cika. Kaleb ya zauna can baya yana tsara yadda zai fara gaya wa Doreen, ya tsara ya rushe. Sun ɗan bar gari ke nan ya ji muryarsa tana fitowa daga wayar matar da ke gabansa. 'Yata ce, ita ta fara gani, kuma duk abin da ta faɗa ya faru. Daga nan sai kiɗa, sai fararen idanu, sai ranar da za a nuna fim a Sabon Tasha.

Matar ta sake kunnawa don maƙwabciyarta ta gani. Direba ya ce shi da ma ya san akwai irin waɗannan mutanen, akwai ɗaya a ƙauyensu. Wani mai jaka a cinya ya ce duk shirme ne, sai matar ta ce ga uban yarinyar nan ya tabbatar, ko shi ya fi uban sani. Kaleb ya cire hula ya cusa a aljihu. Ya kira Gilbert sau huɗu. Uku ba a ɗauka ba, na huɗu aka ce wayar a kashe take.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Mata uku suna zaune a bencin ƙofar gida. Ɗaya ta riƙe hoton ɗanta da ya tafi Legas shekara biyu ba labari. Ɗaya ta kawo irin citta kala biyu a bakin zane, a zaɓar mata. Matarsa Martha tana ba su ruwa, tana ce musu malama na barci. Ta bi shi da ido, ta nuna masa bayan gida da haɓa.

Doreen tana ƙarƙashin mangwaro, kwalayen zanenta jingine da bango, da bokitin ruɓaɓɓiyar citta da ta nemo don ta nuna wa manoma gobe. Wayarta tana kan murfin bokitin. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

Ya zauna a kan dutse ya gaya mata duka, tun daga taron maza har zuwa Mama Rosemary, har da abin da aka yanke daga maganarsa.

"Mutum goma sha ɗayan nan," ta ce da ya gama. "Da ka kira ni ka ce sun ji shawarata."

"Eh."

"Ko ɗaya a cikinsu bai tone don bayanina ba?"

Ya so ya ce wataƙila ɗaya ko biyu. Ya ce a'a.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce a Ekiti ta ba da labarin nan a gaban manyan malamanta, cewa manoman garinsu sun saurari yarinya mace, kuma da labarin ta nemi wannan aikin. Ta ce Baba Gilbert ya zo gidan nan makon da ta dawo, ya ci abincinta, ya ɗauki tabaranta yana juyawa yana tambayar dalilin zaren, ta gaya masa babana ne ya ɗaure.

"Na ji tsoro ne," in ji Kaleb. "Na ga gonakin mutane za su tafi."

"Na sani, Baba."

Ya ce gobe zai miƙe a gaban kowa kafin ta fara, ya sake faɗin gaskiya, ba kyamara ba kowa. In ya kama ya je gidan Mama Rosemary ya durƙusa, zai je.

"Ka riga ka yi magana sau biyu," in ji ta.

Ta ce shugaban ƙungiya ya kira ta ɗazu yana murna. Da mutum talatin suka yi zato, yanzu ya aika a aro benci daga makaranta, har daga Fadan Kaje za a zo. Ta faɗi haka tana kwance jan zaren da farce. Zaren ya daɗe a wurin, sai da ta sa haƙori. Hannun tabaran ya faɗo mata a cinya. Ta ɗauko leda baƙa ta gam daga cikin kayan zanenta ta naɗe shi a jikin tabaran, ta saka, ya ɗan karkace a fuskarta.

Daga ƙofar gida suka ji matar da ke riƙe da hoton ɗanta tana tambayar Martha ko malama ta farka.

Doreen ta miƙe ta tattara kwalayenta. Ta ɗaga murfin bokitin, warin ya bugi Kaleb har ya kawar da kai. Ta rufe, ta tura masa da ƙafa.

"Gobe duk wanda ya tambaye ni me na gani, zan ce ya zo ya sa hanci. Kai za ka riƙe bokitin, ka bi su layi-layi. Kada ka ce komai."

Ta wuce wurin matan. Kaleb ya sunkuya ya tsinci zaren a ƙasa, ya rasa inda zai sa shi, sai ya naɗe shi a marikin bokitin.