Ƙwallon da Mujaheed Yab Ba Bilyaminu

Ni ban san ƙwallo ba, amma na san rabon tuwo. In kullum mutum guda aka tura ma malmala, sauran gida da yunwa za su kwana. To haka 'yan kwalejinmu ta Wurno ka wasa.

Jikana Mujaheed shi ka gudu gehen hagu. Ranar da 'yan Goronyo sunka zo, anka ce wani mutum ya taho daga Sakkwato neman yaron da za shi kai babban kulob. Mujaheed ko hura bai sha ba, yac ce lalle in zo in gani. Niɗ ɗauki tabarmata niz zamna wajen masu rake.

Kocin 'yan Wurno, Malam Sam, dabara guda gare shi: duk wanda yas samu ƙwallo shi ɗaga ta sama shi nemi kan Bilyaminu. Bilyaminu dogo na, iyakar abin da Allah yab ba shi ke nan. 'Yan Goronyo sunka sa mutum biyu sunka manne mishi awa kaska. Ƙwallo ta tashi, ta sauka ga ƙahwar baƙi, ta komo. Mujaheed shina can shina ɗaga hannu awa mai tsai da mota.

Da anka yi hutu nik kira kocin.

"Malam, yaran ga ba su da ƙahwa na? Mi ya hana su miƙa ma juna ta ƙasa?"

Yay yi dariya, yac ce tsari na, Inna ba ta ganewa. Nic ce to.

Ana gab da tashi, ƙwallo tas suɓuce ma wani tag gangaro wurin Mujaheed. Yaw wuce mutum biyu, gola yah hwaɗi, raga buɗe awa ƙohwar zaure. Sai Bilyaminu daga baya yak kira sunanai.

Bilyaminu kuwa yayan Khairiyya na, yarinyar da munka kai ma goro don Mujaheed. Nan garin, yaro ko abinci ba shi ci gaban yayan budurwatai, balle shi kira shi shi ƙi waiwayawa. Mujaheed yaj juya yam miƙa mishi. Bilyaminu yad dage iyakar ƙarhinai, ƙwallo sai cikin albasar Mode, mai gona bayan hili.

Mutumin Sakkwato yaɗ ɗauki wani ɗan Goronyo. Wai ya hwaɗa ma Malam Sam yaron hagu shina da gudu, amma tsoron raga shikai.

Da munka iso gida nit tura ma Mujaheed tuwo. Bai taɓa ba.

"Kaka, gaban mutane yak kira ni hwa."

"Na jiya," nic ce. "An gani kana da ladabi."

Bilyaminu kuma shina yawo cikin gari shina hwaɗin ba a miƙa mishi ita daidai ba. Malam Sam ya ce tsarin na nan har baɗi. Washegari Mujaheed yar rataye takalman bayan ƙyaure, yab bi ubanai hwadama ban ruwa.