Joygun da Fuljan

Joygun ba ta taɓa sa ran za ta tsufa ba, don a gidansu ba a tsufa. Uwarta ta rasu wajen haihuwa tun kanta bai san furfura ba, ubanta kwalara ta ɗauke shi da ƙarfinsa, agana kuma ta kwashe yayyenta biyu a damina guda. Mijinta Keramot, da ya ɗan haura hamsin, har sahun gaba ake matsa masa a masallaci ana ce masa dattijo. Saboda haka da aka binne shi, sai ta aika kasuwa aka yanko mata farin ƙyalle, ta naɗe ta sa a ƙasan akwati, ta zauna jiran nata lokacin. Ƙyallen ya yi ta jira har danshi ya cinye shi. Ta sayi wani, shi ma ambaliya ta shiga ɗaki ta lalata shi. Yanzu ta wuce tamanin da nisa, ba wanda ya san iyakar shekarunta, har ita kanta.

Ni maƙwabciyarta ce a Dhulkandi. Shefali sunana, ɗinki nake yi. Gidan da nake aure a ciki, a kan tsohuwar gonar shinkafar mijinta aka gina shi. Ta sha gaya mini cewa a da, in ta tsaya a ƙofar ɗakinta, tana hango kogi da kwale-kwalen masunta. Yanzu abin da take hangowa bangon kwanon gidanmu ne, bayansa wani gidan, bayansa wani, har bakin titi.

'Ya'ya takwas ta haifa, uku suka rayu. Autanta Mizan shi ma ya kama hanyar 'yan'uwansa, gudawa ta tsotse shi har idanunsa suka faɗa, sai aka yi sa'a a shekarar ne wasu mata suka riƙa bin gida-gida suna koya wa uwaye haɗa ruwa da gishiri da mazarƙwaila. Ta ɗura masa, ya tashi. Daga baya aka zo da allurar rigakafi, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa a kowace unguwa, aka gina ƙaramin asibiti kusa da kasuwa. Yara suka daina mutuwa kamar da. Suka girma, suka yi aure, suka haifi nasu, garin ya cika ya batse. Da gona ta kasa ɗaukar kowa, sai samari suka fara tafiya. Mizan yana Oman yana gini, wansa yana Chittagong a bakin tashar jiragen ruwa. 'Yarta mace kuwa, wadda ke aure a ƙauyen gaba, ciwon sukari ya kashe ta tana da jikoki. Joygun ta ce wannan ce mutuwar da ta fi ɗaure mata kai, wai a ce 'yarka ta tsufa, ta mutu da tsufa, kai kana nan kana cin shinkafa.

Cikin matan da aka kawo Dhulkandi aure a zamaninta, mutum ɗaya ta rage mata, Fuljan. Kullum da hantsi sukan haɗu a kan matakalar tafkin da ke bayan masallaci, kowace da ɗan gwangwanin ganyen pan ɗinta, wanda ake ci kamar goro, su tauna, su tofar, su yi faɗa. Fuljan takan ce Joygun marowaciya ce, ko mutuwa ta zo sai ta nemi ragi. Joygun takan ce mala'ikan mutuwa sau biyu yana zuwa ƙofar Fuljan, surutunta ne ya kore shi. Mu da ke wanki a ƙasa mukan yi dariya, amma rabin maganarsu ba ma ganewa. Sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa suke kira, da gonakin da suka zama shaguna, da shekarar babbar guguwa, da shekarar yunwa.

Wata damina Fuljan ta zame a kan matakalar nan ta karye a ƙugu. Joygun ta ce shi ke nan, don a iya saninta tsohuwar da ta karye a ƙugu kwanciyar ƙarshe ta yi. Amma ɗan Fuljan, Delwar, ma'aikacin banki ne a Dhaka. Ya zo da mota ya ɗauki uwarsa, likitoci suka yi mata aiki suka sa ƙarfe, ta warke. Sai dai bai dawo da ita ba. Ya ce wa zai kula da ita a ƙauye, ga magunguna, ga ganin likita wata-wata. Gaskiyarsa ce, ba wanda ya ga laifinsa.

Da farko mukan haɗa su a waya. Amma kowace kunnenta ya yi nauyi, sai su yi ta ihu kowace tana ba da nata labarin, ba mai jin wata. A hankali matar Delwar ta fara cewa Inna tana barci, ko Inna yau ba ta jin magana. Kiran ya ragu, har ya tsaya.

Joygun ba ta daina zuwa tafki ba. Takan zauna a wurinta, ta bar wurin Fuljan. Mata su zo su wuce, kowace ta ce sannu Kaka, yara su yi ta tsalle cikin ruwa suna fantsama mata. Ba a wulaƙanta ta, ba ta kuma rasa abinci, don matar jikanta tana kai mata safe da yamma. Amma ta taɓa ce mini tun da Fuljan ta tafi, ba ta ƙara jin wani ya kira ta da sunanta ba. Kowa Kaka, har limamin da ya yi furfura.

Da ta ji zan tafi Dhaka duba 'yata da ke aiki a kamfanin ɗinki, sai ta zo ta tsaya kan keken ɗinkina, ta dogara sandarta.

"'Yar nan, ki tafi da ni."

Na ce mata hanyar da nisa, ga zafi, ga ƙafarta. Ta ce ƙafar tata ce, ba aro ta yi ba. Jikanta ya yi ta ƙorafi, ta ce da shi in ta mutu a hanya ai ta rage masa aiki. A ƙarshe ya kai mu tasha da kansa.

A cikin bas ta yi ta kallon taga. Ta riƙe ƙullin da ta yo wa ƙawarta: ganyen pan daga bayan ɗakinta, da ɗan man kwakwa, da mazarƙwailar dabino. Da muka shiga Dhaka motar ta tsaya cik cikin cunkoso. Mutane ta ko'ina, a ƙasa, a kan gada, a rataye jikin motoci, 'yan mata sun fito daga kamfanoni kamar an buɗe dam. Ta taɓa ni ta tambaya ko wani babban mutum ne ya rasu. Na ce a'a, haka garin yake kullum. Ta daɗe tana kallo.

"A da Allah yana bayarwa yana karɓa," in ji ta. "Yanzu ya bar mana su. To, ina za a kwantar da su duka?"

Gidan Delwar yana can saman wani dogon bene. Shi da matarsa duk suna wurin aiki, sai wata mata da suka ɗauka don jinya ta buɗe mana. Ɗakin Fuljan fes yake, fanka tana juyawa, ga magunguna jere a kan tebur. Ita kuma tana zaune kan gado kusa da taga mai ƙarafuna, ta yi ƙiba, ta yi fari, an yanke mata gashi gajere.

Joygun ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta ce, "Ke tsohuwar banza, nan kika zo kika ɓuya?"

Fuljan ta juyo ta dube ta da fara'a irin ta baƙunta, ta gyara mayafinta, ta ce wa mai jinya ta kawo wa baƙuwa kujera. Matar ta raɗa mini cewa an daɗe a haka, wani lokacin ko Delwar ba ta ganewa, sai ta ɗauka mai karɓar kuɗin wuta ne.

Joygun ba ta zauna kan kujerar ba, gefen gadon ta hau. Ta kwance ƙullinta, ta haɗa pan yadda Fuljan ke so, ta miƙa mata. Fuljan ta karɓa ta sa a baki, ta lumshe ido. Can sai ta tambaya daga ina baƙuwar take. Joygun ta ce daga Dhulkandi.

"Ashe 'yar garinmu ce. Kin san Joygun, matar Keramot?"

Na ga hannun Joygun ya tsaya a kan gwangwanin. Ta ce ta san ta.

"Ta rasu," in ji Fuljan. "Da tana da rai da ta zo."

Na buɗe baki zan yi magana, Joygun ta harare ni na yi shiru. Ta ce Allah ya jiƙanta, sannan ta tambaya wace irin mace ce. Fuljan ta yi dariya har jan miyau ya zubo mata a haɓa. Ta ce masifaffiya ce, ga rowa, ko gishiri ka roƙa sai ta ƙirga. Amma shekarar yunwa ita ce ta riƙa tsallako katanga da ruwan shinkafa a ɓoye, ba da sanin uwar mijinta ba. Kuma ranar da Tota ya rasu, Joygun ce ta karɓe shi daga hannunta, don ita Fuljan ta kasa sakinsa.

Daga nan hankalinta ya koma kan Tota. Ta fara waige-waige tana tambaya ko an ba shi nono, wai tun ɗazu take jin kukansa. Mai jinya ta ce kullum sai ta yi wannan kiran, sun tambayi Delwar ya ce bai san wani Tota ba, wataƙila aku ne da suka taɓa kiwo. Joygun ta ce ba aku ba ne. Ɗan farin Fuljan ne, mai tabo a bayan kunne, ƙyanda ta kashe shi yana rarrafe, tun ba a yi tunanin haihuwar Delwar ba. Sannan ta juya wajen ƙawarta ta ce mata Tota ya sha nono ya yi barci, ita da kanta ta kwantar da shi. Fuljan ta sauke ajiyar zuciya ta jingina.

Joygun ta zuba man kwakwa a tafin hannu ta shiga shafa mata a ɗan gashin da ya rage. Ta daɗe tana yi. Ƙarar motoci tana tasowa daga can ƙasa.

Da la'asar Delwar ya dawo. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar Joygun, ya yi ta murna, ya ce mata ta zauna ko mako ne, akwai wuri. Da ta ba shi labarin Tota sai ya cire tabarau ya zauna, mutum mai furfura a gemu yana jin sunan wansa karo na farko. Ya sake roƙonta ta zauna. Ta ce a'a, iskar sama ba ta karɓe ta ba, kuma ta bar kaji. Ba ta da kaji ko ɗaya, amma ban tona ba.

Da za mu fita, Fuljan ta yi mata godiya, ta ce in ta koma ta gaishe da mutanen gari. Joygun ta ce za su ji.

Washegari muka kamo hanya. Sai da muka haye babbar gada sannan ta yi magana, ta ce yaron yana kula da uwarsa, ba abin da za a ce. Ta kuma ce gashin ne kawai bai kamata su yanke ba.

Fuljan ta ƙara 'yan shekaru a kan gadon nan kafin ta cika. A Dhaka aka binne ta, labari bai iso mana ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Ni aka sa na gaya wa Joygun. Ta yi salati, ta tambaya wa ya yi mata wanka, na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai. Tun daga ranar ta daina zuwa tafki. Sai ta koma zama a ƙofar shagona, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, keke yana ƙara, ina jin rabi ina amsa mata da to.

Watan jiya matar tattaɓa-kunnenta ta haihu, mace, a asibiti, lafiya lau uwa da ɗiya. Ranar suna gidan ya cika har lungu, aka yanka akuya, aka dafa shinkafa da madara. Aka ɗauko Joygun aka zaunar a tsakiya, aka ɗora mata jaririyar a cinya, matasa suka kewaye ta da wayoyi suna ɗaukar hoto, wai zuriya biyar a wuri ɗaya. Uban jaririyar, don ya faranta mata, ya sunkuya ya ɗaga murya ya ce Kaka ta zaɓi suna.

Ta dubi fuskar yarinyar ta ce, "Fuljan."

Aka fashe da dariya, ba da mugunta ba. Wata ta ce wannan ai sunan mutanen da ne, in ta shiga makaranta tsokanarta za a yi. Uban ya ce Kaka akwai barkwanci. Ashe ma sun riga sun zaɓa, Tasnuba. Joygun ta gwada faɗa sau biyu harshenta bai kama ba, ta yi wa yarinyar addu'a, ta miƙa wa uwarta.

Ta ci shinkafarta kaɗan, ta nemi sandarta. Ni na raka ta gida ta cikin lungun da mutum biyu ba sa jerawa, tana gaba ina baya, yara suna ratsa mu da gudu. A ƙofar ɗakinta ta ce in koma wajen biki kada a cinye nama ba ni. Na ce zan ɗan zauna. Ta ce a'a, in tafi, ita kwanciya za ta yi. Ta shiga, ta jawo ƙofar kwanon, na ji tana lalubar sakata.