Eriyar Baban Auta

"Ya yi?"

"Bai yi ba!" Maman Auta ta ɗaga murya ta taga, hannunta ɗaya riƙe da labulen da iska ke neman fizgewa. "Ka sauko haka nan, don Allah!"

"Yanzu fa?"

Ta waiga ta dubi talabijin. Hoton ya ɗan haɗu, ya nuna wani mutum yana tallan sabulu, sannan ya farfashe ya daskare. A samanta kwanon rufi ya lotsa ya yi ƙara, ta san mijinta ne ya sake gyara tsayuwa. Duk takun da ya yi sai ta ji shi a ƙirjinta.

Shekarunsa sittin da shida, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma da safen nan da kyar ta lallashe shi ya sha maganin hawan jini. Tsohon bakanike ne, irin waɗanda ba su yarda akwai abin da ya fi ƙarfin sifana ba. Gidansu shi ne na ƙarshe a kan tudu, bayansa gangare ne mai duwatsu. Iska in ta taso daga kwari nan take fara sauke fushinta kafin ta je wa kowa.

Yau kuwa ƙarfe biyar na yamma autarsu za ta karanta labarai a talabijin karo na farko. Tashar ƙarama ce, ba a kama ta sai da eriya, wayar hannu kuma a tudun nan kira kawai take iya ɗauka. Shi ya sa kwana uku da suka wuce suka sauka kasuwa tare, shagon mai kayan lantarki.

Mai shagon mutumin kirki ne, sai da ya tambaye su inda suke zaune. Da ya ji, ya ciro wata 'yar ƙaramar eriya mai gajerun haƙora.

"Baba, wannan ce taku. Kuna sama, ba abin da ya tare muku tasha, kuma iska ratsa ta take yi ta wuce."

Baban Auta ya juya ta a hannu yana yatsina fuska. "'Yata za ta fito duniya ta gan ta, ka ce in kalle ta da matajin kai? Sauko min da waccan."

Waccan ɗin ta kusa tsawon ƙofa, da faffaɗar raga a bayanta.

"Ta mutanen kwari ce, Baba, waɗanda dutse ya tare. A wajenku ragar nan iska za ta kama ta kamar laima. In ka nace, to a ɗaure sandar da waya uku, kowace ta ja gefe guda."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake ɗaure inji."

Ita dai ta ce, "Malam, da ka ji maganarsa," ya yi kamar da bango take. Da suka dawo ya kafa eriyar a kan dogon bututun ƙarfe, ya matse ta da maɗaurin salansar mota guda biyu da ya tono a akwatin kayan aikinsa. Wayoyin uku kuwa ya ce na malalata ne. Kwana biyu hoto ya fito tas, har ya riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Yau da la'asar hadari ya haɗo, iska ta juya fuskar eriyar gabas, hoto ya tafi.

Wannan kiran na "ya yi, bai yi ba" sun fi shekara talatin suna yinsa, tun suna gidan haya da baƙar talabijin mai fari da baƙi. Shi a sama, ita a taga. Ba ya saukowa sai ta ce ya yi, ita kuma ba ta taɓa ce masa ya yi alhali bai yi ba. Yara ma sun san haka, har tsokanarsu suke yi da shi.

"Yanzu fa?"

Hoton ya tsaya cak, garau, har tana ganin kumfar sabulun.

"Ya yi! Wallahi ya yi! Sauko!"

Ta ji takunsa ɗaya, biyu, ya nufi tsani. Kafin ya yi na uku bututun ya yi wani ƙugi, hoton ya watse. Ta yi niyyar yin shiru, amma shi ma ya ga eriyar ta juya da idonsa. Takun ya koma baya.

"Maɗaurin ne ya saki!" ya yi ihu. "In na riƙe ta tana zama. Ƙarfe nawa?"

Ta dubi agogon bango. Saura minti huɗu.

Ta fita tsakar gida da gudu, ko takalmi babu. Sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen kwari, iska ta kwashe kayan shanya ta manna su a katanga. Ga shi can a ƙarshen rufi, ya rungume bututun da hannu biyu, rigarsa ta cika da iska ta kumbura, hularsa tuni ta tafi. Eriyar tana rawa a samansa, kuma taku biyu ne tsakaninsa da bakin kwanon da ke kallon gangare. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Baban Auta, ka dubi girman Allah ka sauko! Walƙiya ake yi, ƙarfe ne a hannunka!"

"Ke koma ciki! Ni na riƙe, ke ki kalla. Kya ba ni labari."

"Ba na so! Ba na son kallon!"

"Yarinyar nan ta ce mu kalle ta. Ko ɗayanmu ne sai ya gan ta. Shiga!"

Ta san muryar nan. Ko duk unguwa za su taru su roƙe shi ba zai saki bututun ba sai an gama labarai, minti talatin cur. Ta koma ɗaki tana salati.

Kiɗan buɗe labarai ya tashi. Sai ga Auta.

Ta zauna a bayan dogon tebur, da mayafi shuɗi, ta haɗa hannuwanta a kan takarda. Yarinyar da har ta shiga sakandare in baƙo ya yi sallama sai ta ɓuya a bayan ƙofa. Ta dubi uwarta ido cikin ido ta yi sallama, muryarta ko rawa babu. Maman Auta ta ji hawaye sun zubo mata, ta matsa kusa har ta kusa taɓa gilashin.

Aka yi wata tsawa da ta girgiza tagogi. A sama wani abu ya zame a kan kwano, ƙiiii, sannan shiru. Hoton ya karkace, ya dawo.

"Malam!"

Shiru.

"Malam!"

"Ina nan," muryar ta zo a shaƙe. "Ƙafata ce ta zame. Ta fito?"

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo, kuma ta san yadda kwano yake santsi in ya jiƙe. Ta dubi 'yarta da ta fara karanta labari na farko. Ta sunkuya bayan talabijin, ta kama wayar, ta fizge ta daga soket. Fuskar Auta ta ɗauke ɗif.

Ta leƙa taga ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata.

"An ɗauke wuta!"

"Me?"

"Sun ɗauke wuta! Ba komai! Sauko!"

Ta ji ya yi tsaki, ya ja wa masu wutar Allah ya isa. Bai tambaye ta sau biyu ba, don bai taɓa samun dalilin yin hakan ba. Ta fita ta rungume tsani da ƙirjinta, ruwa na dukan bayanta, tana ƙirga matakan da gurguwar gwiwar ke sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa ke nan iska ta yi wani irin kuka. Bututun ya tanƙware, eriyar ta tashi da shi, ta ɓanɓare fallen kwanon da yake tsaye a kai, duka suka yi bayan gida. Sun daɗe suna jin ƙarar ƙarfen yana gangarawa cikin duwatsu.

Ta kama hannunsa, ta ja shi ɗaki.

A ɗakin fanka tana juyawa abinta. Firij yana gurnani a lungu, ƙwan fitila yana ci. Baban Auta ya tsaya a ƙofa ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya dubi fankar, ya dubi wayar talabijin da ke yashe a ƙasa. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

Ya zauna a bakin kujera a hankali, ya miƙe gwiwar.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Wane kaya ta sa?"

"Shuɗin mayafi. Ta yi sallama, ko gezau ba ta yi ba."

Ya gyaɗa kai. Ta kawo tawul ta goge masa kai, ta sa bokiti a inda rufin ya fara yoyo. Suna nan zaune har ruwan ya tsagaita, sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya ɗauka, muryar Auta ta cika ɗakin, tana haki don murna.

"Baba! Kun gan ni? Yaya na yi?"

Ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke ta juyawa, sannan ya dubi matarsa.

"Mamanki ta gan ki, ta ce kin yi kyau," ya ce. "Ni kafin in shigo aka ɗauke mana wuta."