Dafi Ba Dodon-Koɗi

Narelle na tsaka da tatsar dafin dodon-koɗin teku, ta kanga masa bakin 'yar kwalba yana harbi, sai Fergus ya banko ƙofar ɗakin bincike ko safar hannu bai cire ba.

"Ke, mutuniyar! Ajiye wannan ki zo ki ga ikon Allah."

"Kai dai Fergus, in harbin nan ya same ni, kai za ka yi wa uwata bayani."

Ta bi shi. Shekaru ke nan suna neman wani ɗan guntun furotin da ke cikin dafin, wanda suke fatan ya zama maganin ciwo mai tsanani. Narelle ce ta nace a gwada haɗa shi a kwalba: a farfasa bakteriya, a tace ruwan cikinsu har babu ƙwaya ɗaya mai rai, a zuba masa umarnin ƙwayoyin gado na dodon-koɗin, a bar shi ya ƙera furotin ɗin. Ba don suna take yi ba. So take a daina tatsa, ta mayar da dodannin-koɗinta tekun Queensland inda ta tsinto su da hannunta. An yi mata dariya har an gaji.

Yanzu ga sakamako a fuskar kwamfuta. Abin da ke kwalba da abin da ke dafi, kamar an tsaga kara.

Narelle ta zauna a kan kwandon shara.

"Tabɗi! Ba gauraya ka yi ba?"

"Ni? Sai da na maimaita, na sake maimaitawa. Kin gama da mu, Narelle. Farfesa har ya aika a sayo kek."

"To shi ke nan, su Goggo za su koma gida!" Haka take kiran babbar cikin dodannin-koɗin.

Fergus ya daina dariya. Ya soshi ƙeya.

"Au, ba ki sani ba? Abin da ya daɗe a tanki ba ya komawa teku, kada ya kai wa na can cuta. Kuma izinin ajiye su na tatsa ne kawai. Babu tatsa, babu tanki."

"To ina za su?"

"Firjin ƙanƙara, sanyi ya kashe su. An ce ya fi sauƙi a gare su."

Ta dube shi baki buɗe. Ashe da hannunta ta yanke musu hukunci.

"Wa zai yi?"

"Ke kaɗai aka yarje wa taɓa su."

Daga falo ana ta tafi, ana kiran sunanta ta zo ta yanka kek. Narelle ta wuce ƙofar, ta je ta buɗe firjin tana neman wuri. Layi ɗaya ne ke da sarari, dab da kwalaben ruwan bakteriyarta. Ta fara matsar da su gefe.